Tofin da aka yi wa rami na bakwai

Jama'a, na san an san ni da ƙarin gishiri, amma wannan wallahi tallahi ko ƙwaya ban ƙara ba. Shekara uku ke nan, ina aji ɗaya a sakandare, a gidanmu na Tudun Wada nan Gombe, lokacin da gwamnati ke ta kwasar yara tana tura su Turai karatu da arzikin mai.

Cikinsu har da yayana, Hamma Sale. Ya dawo hutu, mu muna jiran tsaraba, sai ya fito da wani ɗan faranti mai ramuka goma sha biyu da kwalba ƙarama kamar ta kwalli. Wai a cikin kwalbar akwai furotin, wani abu ne na jikin halitta da ido ba ya gani. Zai ɗiga shi a kowane rami, ya shimfiɗa maiƙo a sama, siriri har fatar albasa ta zama bargo a kansa. In an bar su shiru, ƙwayoyin za su taso su manne a ƙarƙashin maiƙon, su jeru reras. Sai ya kwashe su da 'yar rariyar tagulla da ba ta fi ƙwayar dawa ba, ya busar, ya kai wa wata na'ura a can mai gani da lantarki. Shekara biyu suna ƙin jeruwa a sanyin Turai, shi ne ya ce bari ya gwada zafin Gombe. Wannan ne ɗigon ƙarshe, in ya lalace ya dawo gida ba takarda.

Ya rufe farantin a ɗakinsa, ya nuna ni da yatsa ya ce, "Ke musamman. Ba taɓawa, ba girgizawa, ko numfashi ban yarda ba."

To ku gaya mini, wa za a faɗa wa haka ya zauna?

Ran Juma'a da azahar maza sun tafi masallaci, Dada, mahaifiyarmu, na wanka, na lallaɓa na ɗaga murfin. Ruwa ne kawai! Na sunkuya sosai ko zan ga masu jeruwar, sai hancina ya ci amanata. Atishawa na yi, irin wadda ke tada kaji. Na ga ruwan ramukan nan yana rawa, na ce shi ke nan, na kashe digirin Hamma.

Sai na ji a bayana, "Ja'ira, me kika ɓata?"

Inna Dudu ce, kakarmu, da zanenta na saƙi da carbinta. Ban ji shigowarta ba, ga shi ita ko tsakar gida za ta ratsa sai kowa ya ji tarinta. Ina kuka na gaya mata komai. Ta leƙa ta ce, "Wannan ai kwanciyar nono ce. Yaron nan har Turai ya je koyon abin da nake yi a ƙwarya?" Ta yi 'yan addu'o'inta, kafin in ce wayyo ta yi tofi, tuf tuf tuf, a rami ɗaya. Na ƙirga, na bakwai. Abin da aka hana numfashi, ga shi ya sha yawu! Ta ce in rufe in yi shiru, ta fita.

Na yi shirun kuwa. Hamma ya kwashe kayansa ya koma, ni kuma wata biyu ko fura ba ta yi mini daɗi.

Sai ga wasiƙa da hoto. Sha ɗaya sun watse, amma na bakwai, jama'a, layi-layi kamar an ja da zare! Ya samu takardarsa. Sai dai malaminsa Bature ya matsa a rubuta yadda aka yi, sun gwada sau arba'in abu ya ƙi. Hamma ya rubuta, "A tambayi yarinyar nan, na san hannunta."

Aka tsare ni a gaban kowa, na faɗi gaskiya. Baffa, mahaifinmu, ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce a nemo kwalba Inna ta cika a aika wa Turawa.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Wace Juma'a?"

Na faɗa.

Dada ta ajiye ludayi ta ce, "Ke, ranar ai Inna tana garin Kwadon wajen suna. Tun Alhamis ta tafi, sai Asabar direba ya dawo da ita."

Inna ta dube ni ta ce, "Wadda kika gani, da wane hannu ta riƙe carbin?" Na ce hagu, alhali ita da dama take riƙewa. Ta tashi ta shige ɗaki, har yau ba ta ƙara ta da maganar ba, kuma na ƙi tambaya.

Ni dai shawarata, in kun yi ɓarna babba ya zo taimako, ku duba ƙofa tukuna ko ya cire takalmi, don ku san ko mutum ne. Ni ban duba ba, kuma ko yanzu da nake rubutun nan tsigar jikina tashi take yi.