Famfon da ke Ƙarƙashin Boksin Mudi

Matso da tabarmarka nan inuwa, ka ji yadda Mudi direba ya kusa rasa injinsa a hanyar Mafaza.

Mudi haifaffen Gadarif ne, a ƙasar Sudan. Kakansa ya taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar Makka, ya tsaya noman damina ɗaya don guzuri, dawa ta yi kyau, sai zama ya kama shi. Shi kuwa Mudi ya yi ƙuruciyarsa a manyan gonakin mashru, inda ake noma da inji, har ranar da injin sussuka ya cinye masa yatsu uku na hannun dama. Daga nan ya tattara abin da ya tara ya sayi tsohuwar boksi, wato a-kori-kura, yana jigilar mutane da buhuna. Da ita yake ci da iyalinsa, ba shi da gona, ba shi da wata sana'a.

Tuƙi bai taɓa gagarar hannun nan ba. Juyen baƙin mai ne ke ba shi wuya, don sifana ba ta zama a yatsu biyu, sau nawa mai mai zafi ya kwarara masa har gwiwar hannu. Sai mijin ƙanwarsa ya zo masa da tsaraba daga Jidda: ɗan famfo na tagulla, makanikai na ce masa balf, ana ɗaura shi a gurbin notin da ke gindin inji. Ka ɗaga ɗan hannunsa ka karkata, mai ya zubo. Ka mayar, ya tsaya cak.

To, a unguwarsu tsohon baƙin mai ba abin zubarwa ba ne. Ana shafa wa ginshiƙan ɗakin ciyawa saboda gara, ana shafa wa jaki mai kirci. Ranar juye, maƙwabta kan zo da gwangwanayensu, Mudi na kwance a ƙarƙashin mota yana cika wa kowa daga famfo, yana jin daɗin yadda suke kallo.

Cikin damina zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyar, motar tana ajiye a ƙofar gida. Ran da ya tashi, fasinjojin Mafaza suka matsa a kama hanya kafin ruwa. Bai duba mai ba, don bai fi kwana goma da yin juye ba. A gaba ya zaunar da Hajja Ummuhani, dattijuwar maƙwabciyarsa mai zuwa sunan jikarta, da Wada mai amalanken jaki, abokinsa tun na ƙuruciya.

Sun bar kwalta, sun yi nisa cikin baƙar ƙasa, sai jar fitilar mai ta ƙyafta. Ta mutu, ta sake kamawa, ta zauna. Mudi ya kashe inji nan take. Ya zaro ƙarfen awon mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Ko bakin ƙarfen bai jiƙe ba.

Gabas kuwa hadari ya haɗu. Wanda ya san ƙasar nan ya san in ruwa ya taɓa ta, sai ta zama laka mai riƙe taya, mota ta kwana uku a wuri ɗaya. In kuma ya tuƙa haka, inji zai ƙone kafin Mafaza, kuma Mudi ba shi da halin sayen wani.

Ya shiga ƙarƙashi ya shafa famfon. A rufe yake, babu ɗigo ko ɗaya. Ya fito yana kaɗe riga.

“Ba yoyo ba ne,” in ji shi. “Hannu ne ya buɗe.”

Wada ya sosa ƙeya. “Ya zol, abokina, in dai na famfon nan ne, na ɗan ɗiba. Gwangwanin madara biyu, saboda bayan jakina.”

“Ka ɗiba.”

“Ai baƙi ƙirin na gan shi. Na ce dattin da kake zubarwa ne, bari in rage maka aiki tunda kana kwance.”

“Man dizal kwana biyu yake yi ya yi baƙi, Wada. Sabo ne ka shafa wa jakinka.”

“Shi ya sa ya warke da wuri,” in ji wani daga baya. Ba wanda ya yi dariya.

Hajja Ummuhani ta gyara lulluɓinta, ba ta dubi kowa ba. “Ɗan nan, ni ma na cika kwano. Gara ta kama mini ginshiƙi. Kuma na nuna wa Mairo maƙwabciyarmu yadda ake buɗewa.”

Mudi ya dube ta. Wannan matar ce ta yi jinyar hannunsa lokacin da aka sallamo shi daga asibiti. Iska ta fara kaɗa dawa, ƙamshin ruwa ya iso.

Hajja ta sunkuya ta jawo jarka daga tsakanin ƙafafunta. Man riɗi ne, irin na turmin da raƙumi ke juyawa, wanda ta tanada don girkin suna.

“Wannan zai shiga?”

“Inna, na abinci ne.”

“Na san na mene ne. Tambayarka nake, zai shiga?”

Mudi ya taɓa jin direbobin lori suna cewa yana kai mutum gari in bai matsa wa inji ba. Ya kuma ji waɗanda suka ce ƙarya ne. Ya dubi hadari, ya karɓi jarkar, ya yi bisimilla ya tuttula duka. Ƙarfen awo ya jiƙe, da ƙyar ya kai layin ƙasa.

Ya tayar. Fitilar ta tsaya ja, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, sannan ta mutu. Ya ja a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ido ɗaya a hanya, ɗaya a allurar zafi. Ɗigon farko ya faɗo a gilashi. Fasinjojin baya suna buga rufi a ƙara wuta, bai ƙara ba. Taya ta fara santsi, allura ta fara hawa, motar duk ta ɗauki ƙaurin suya. Wada na ta salati ƙasa-ƙasa. Can wata ƙara ta taso daga cikin inji, ƙwas, ƙwas, siririya. Mudi ya ji ta har cikin haƙoransa, amma bai tsaya ba, don bishiyoyin bakin kogin Rahad na gefen Mafaza sun bayyana.

Suna shiga Mafaza ruwa ya tsuge. A rumfar wani makanike ya zubar da man riɗin tun da zafinsa, ya zuba na gaskiya. Makaniken ya kasa kunne ya ce injin zai yi aiki, amma ƙarar nan ta zauna ke nan, kuma kada ya ƙara yi masa lodin da ya saba. Girkin suna kuwa da man aro aka yi shi.

Da suka komo Gadarif, makaniken unguwa ya ba shi shawara ya ɗaure hannun famfon da waya. Mudi ya sayo wayar, tana aljihunsa. Sai dai ya san duk wanda ya leƙa ya gan ta, Hajja ce za ta fara ji, za ta kuma ɗauka da ita ake. Kai da ke zaune nan, in motarka ce kuma maƙwabtanka ne, za ka ɗaura?