Inusa Mai Kada Sa

Inusa na Gangara, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana. Gero yake nomawa da 'yar gyaɗa, amma uwarsa Hawa Bafillata ce, kuma tun yana yaro dangin uwa suka koya masa kada sa: ka kama ƙaho, ka murɗe wuya, ka danne da gwiwa. Ranar kasuwa mahauta ba sa taɓa babban sa sai ya iso.

Shekara biyu bayan samun 'yancin kai, masu allurar bushiya, ciwon nan mai share garke, suka shigo ƙasar da mota. Babbansu Hambali ya ga Inusa ya kifar da wani bajimi a mayanka, ya ja shi gefe.

"Irinka muke nema. Wata uku na gwaji. In ka yi, buro, ofishinmu, ta ba ka kaki da albashi. In ba ka yi ba, ga gonarka nan."

"In sa ya karya ni cikin wata ukun fa?"

"Kai da Ubangijinka. Ɗan gwaji bai zama namu ba tukuna."

Damina ta yi gardama a shekarar, rumbu ko rabi bai kai ba. Da ya gaya wa matarsa Cima, tana tankaɗe, sai ta ce, "Ko tukunya ai ba a wata uku ana ƙwanƙwasa ta, Malam. Amma dai ka leƙa rumbu kafin ka ce a'a." Ya ce zai bi su Gazawa ya ga aikin da idonsa, sannan ya ba da amsa.

A Gazawa an kafa shingen itace, ana tura shanu ciki. Wadda duk aka yi wa allura sai a gutsure mata kunne don a gane ta. To, Fulani kuwa kowane gida da tasa tsagar kunne, gadon kakanni, da ita ake shaida saniya in ta ɓace. Garken da ya shigo da hantsi na Bakari ne, wan uwar Inusa.

"Kunnen dama namu ne," in ji tsohon. "Ku yanki na hagu."

Mai riƙe da almakashi, Ɗahiru, shi ma ɗan gwaji ne, watansa na ƙarshe, ga Hambali tsaye a kansa yana faɗin a yi sauri. Ya cafki kunnen da ya fi kusa da shi, na farar saniya uwar garke, ya datse tsagar gidan baki ɗaya.

Sandar Bakari ta sauka a gefen idon Ɗahiru, jini ya yi tsartuwa har kan rigar Hambali. Gardin gwamnati da ke rakiyar masu allura ya kai wa tsohon gindin bindiga a baki, haƙora biyu suka zubo. Bakari ya zaro wuƙar damtsensa. Shanu suka firgita, suka fasa shinge, suka bi ta kan Ɗahiru yana kwance. Gardi ya ɗana bindiga.

"Inusa!" Hambali ya yi ihu. "Kama tsohon nan kafin a harbe shi!"

Inusa ya yi tsalle ya kama. Sai dai hannunsa kamu ɗaya ya sani. Ya murɗe, ya kifar, ya danna gwiwa, aka ji ƙas kamar an taka busasshen kara. Kafaɗar Bakari ce.

Tsohon ya juyo da fuska daga ƙasa, baki duk jini da turɓaya. "Ɗan Hawa, ni ka kada? To ina mahaucin? Kira shi ya ƙarasa."

Hambali ya dafa Inusa yana haki. "Ka ga aikin ke nan. Yau ɗin ma na sa maka ita cikin gwajin."

Inusa ya dubi Ɗahiru, ƙudaje sun soma taruwa a kansa, ana gardamar ko ya cancanci a sa shi a motar aiki. Ya dubi kawunsa.

"Ranka ya daɗe, a ba wani kakin."

A kan jaki ya kai Bakari gidan mai ɗori. Ƙashin ya kama a karkace, hannun bai sake ɗaga sanda ba, kuma tsohon ba shi da ɗa namiji babba. Inusa ya bi daji ya tattaro shanun da suka watse, ya bar wa ƙanensa gona, ya shiga kiwo. Cima ta koyi ɗaukar ƙwaryar nono zuwa kasuwa, ba ta taɓa tayar masa da zancen kaki ba, ko a shekarun da suka ci dusa. Ɗahiru ya rayu da ido ɗaya, ba a ɗauke shi aikin ba.

Damina biyu Bakari ba ya ce wa Inusa komai sai zancen shanu: waccan na ɗingishi, wannan ta kusa haihuwa. Da ciwon ajali ya kama shi a mashekarinsu kusa da Sae Sabuwa, dangi suka kewaye shi, aka tambaye shi wa zai yi masa wanka. Ya nuna Inusa da haɓa. Allah ya gafarta musu baki ɗaya.