Yadda Na Kai Delu Layin Zaɓe a Rogo Ruma

Tashi daga Karaye

Ranar Juma'a, ana sallame asuba na tayar da a-kori-kurata a bakin tashar Karaye. Na fara da wannan ne don tun da muka dawo ake ta surutu, wanda ko Unguwar Hajji bai wuce ba ranar ya fi ni sanin labarin. Ni Tanko na ja motar, da idona na gani. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, wanda ya ga kuskure ya gyara wa kansa.

Kayana tukwane ne manya, da buhunan shinkafa, da kaji a cikin akurki. Fasinja kuwa su biyar: Delu mai tuwon bakin tasha, wanda sunansa na yanka Hamisu, da 'yan daudu biyu abokan sana'arsa, sai Hajiya Asabe da Kande. Ba zan yi muku kwana-kwana ba. Delu ba ya neman mata, kowa ya san wanda yake nema. Hajiya Asabe da Kande kuma sun fi shekara goma ɗaki ɗaya, babu miji, babu niyyar yi. Hisabinsu ba a hannun direba yake ba.

Washegari ne zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa a jam'iyyarmu. A wajenmu mutum biyu ne suka fi ƙarfi: namu na talakawa, da ɗayan na 'yan kwangila. Zaɓen kuwa na layi ne. A kafa hoton ɗan takara, ka tsaya a bayan wanda kake so rana tsaka, a bi a ƙirga ku kamar awaki. Su Delu da adashinsu suka sayi kayan nan don a ciyar da mutanenmu na ƙasar Rogo. Mu sauran katinmu na Karaye ne, mun haƙura da namu layin don mu jawo na wasu. Delu kaɗai ne katinsa na Rogo Ruma, garin da aka yanke masa cibiya.

A kan hanya

Ba mu yi nisa ba muka tarar da shingen 'yan sanda. Kofur ya leƙo.

"Direba, me ka ɗauko?"

Na ce, "Tukwane da masu tukwane."

Ya zaga baya, ya ga Delu ya ɗaura zani a kan rigarsa saboda sanyin safiya, ya ce, "Kai, wannan mace ce ko namiji?"

Delu ya karya wuya ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya ci tuwona bai taɓa tambaya ba." Ya zaro cinyar kaza soyayya ya miƙa masa. Kofur ya ɗage itace yana dariya, ko lasin bai nema ba.

Damina ce, hanya ta lalace. Da hantsi muka kafe a wani kwari, laka har gindin ƙofa. Allah ya kawo wasu Fulani makiyaya, suka kama mana. Da muka fita muka zauna gindin ɗorawa, Kande ta saya mana fura da nono a wajen matansu. A nan na yi tambayar da ke cina.

"Delu, wannan mutumin da kuke kashe kanku a kansa, ya san da zamanku a duniya?"

Ya ce, "Baba Tanko, ina zai san ni? Amma ka tuna shekarar fari, da aka ce mu muka hana ruwa sauka, aka yi shela mu bar gari? Ƙofar da duk na buga, a rufe. Mutanen ɓangarensa ne suka buɗe mana shagon da suke taro, muka kwana a ciki da tukwanenmu har ƙura ta lafa. Ba wanda ya yi mana wa'azi, ba wanda ya ce mu biya. Wanda ya rufe ka da bargo ran sanyi, ai ba ka tambayar saƙar ina ce."

Hajiya Asabe ta ce, "Ke ƙawata, faɗa masa ɗayar."

Delu ya ce tun da mahaifinsu ya rasu, yayansa Malam Audu ya hana shi taka gidan. Ranar yankan kati ma, yana karɓar nasa daga bakin makaranta ya juyo. "Kuma makarantar da za a yi layin tana kallon ƙofar gidanmu. So nake in tsaya a can, a ƙirga ni cikin mutanen garinmu. Ko sau ɗaya."

Na ce, "To, Allah ya sa a yi lafiya." A raina kuwa na ce, da na sani da ban ɗauko wannan lodi ba.

Rogo

Mun shiga Rogo ana haramar masallaci. Delu ya kwance zani, ya sa hula, muka yi Juma'a kafaɗa da kafaɗa. Masaukinmu gidan wata Magajiya ne a bayan kasuwa, su suka kwana ciki, ni na kwana a mota. Kafin la'asar an kafa murhu a tsakar gida. Hajiya Asabe da Kande suka yafa gyale suka bi gida-gida wajen matan kulle, inda ba namijin da zai iya shiga, suna lallashi a bar su su fito gobe. Wannan aikin ba ɗan siyasar da ya iya shi.

Bayan la'asar Ciyaman ɗinmu na yankin ya zo, ya ci kaza guda, ya yaba, sannan ya ja ni gefe.

"Malam Tanko, gobe in an sauke abinci a Ruma, ka kwashe su ka dawo da su nan kafin a ja layi."

Na ce, "Alhaji, ni direba ne, ba makiyayi ba. Ga shi can, ka faɗa masa da bakinka."

Ya je ya tsaya a kan Delu yana murza hula. Ya ce 'yan ɗaya ɓangaren sun ji labari, sun tanadi makaɗi da 'yan banga, so suke su ce layinmu layin 'yan daudu ne. Dattawa in sun ji kunya za su zame. "Ƙuri'arka ɗaya za ta kore mana goma. Ka yi wa Allah ka yi haƙuri."

Ba ƙarya Ciyaman ya yi ba, shi ya sa maganar ta yi ciwo. Delu bai daina tuƙi ba. Ya ce, "Alhaji, da hannun nan na dafa abin da dattawan naka za su ci. In hannun bai ƙazantu ba, kafaɗar da za a taɓa a ƙirga ce ta ƙazantu?"

"Ba haka nake nufi ba, Hamisu."

"Na san abin da kake nufi. Tuwona ya shiga layi, ni in tsaya a bayan katanga. In haka jam'iyyar talakawa take, me ya raba ku da waɗancan?"

Ciyaman ya kaɗa riga ya fita, ko sallama babu.

Rogo Ruma

Da safe muka ɗora tukwane muka nufi Ruma. Tafiyar ba nisa, ta cikin gonakin gyaɗa da dawa. An ci an sha a gindin wata bishiyar kuka, har 'yan ɗaya ɓangaren sai da suka miƙo kwano, Kande ta zuba musu tana yi musu habaici.

Da rana ta ɗaga aka kafa hotuna a filin makaranta, maza layinsu daban, mata daban. Delu ya wanke hannu, ya sa farar riga da hula, ya taka a hankali ya shiga layin maza a bayan hoton ɗan takararmu. Na gabansa ya matsa gaba, na bayansa ya ja da baya, aka bar shi tsakiya kamar turke. Wasu dattawa suka zame suka koma inuwa, kamar yadda Ciyaman ya faɗa.

Wani ɗan banga ya ɗaga murya: "Delu! Kin yi ɓatan kai, layin mata yana can!"

Delu ya ce, "Na gani, ɗan nan. Ga uwarka can a ciki, da tuwona a cikinta, kuma bayan namu hoton take."

Fili ya ɗauki dariya, har malamin zaɓe sai da ya rufe baki. Abin ya ba 'yan bangar haushi, makaɗi ya saki kalangu, suka fara waƙar zambo. Da farko da sunan Delu suke yi. Daga baya suka sako sunan mahaifinsa, marigayi.

Sai wani dogon mutum mai furfura ya fito daga layinsu, ba namu ba. Hajiya Asabe ta taɓa ni ta ce, "Malam Audu ke nan." Ya je ya ɗora tafinsa a kan fatar kalangun, kiɗa ya mutu.

Ya ce, "Wanda kuke ambata yana kabari, kuma shi ya haife mu mu biyu. Wanda ya sake, ni da shi ne."

Bai dubi Delu ba. Ya koma layinsu ya tsaya inda yake. Kada wani ya ce muku ya sauya layi ko sun rungume juna, ƙarya ce, ina wurin.

Malamin zaɓe ya biyo layi yana taɓa kafaɗa da biro yana ƙirgawa da ƙarfi. Da ya zo kan Delu ya taɓa shi kamar kowa, ya faɗi lamba, ya wuce. Shi ke nan. Abin da muka keto laka dominsa bai fi ƙiftawar ido ba.

A Ruma an kayar da mu, da ɗan kaɗan. Ciyaman ya zo yana huci, ya ce ga abin da ya guda. Na ce masa, "Alhaji, waɗanda suka gudu inuwa za ka tuhuma. Wannan ai ya tsaya."

Muna ɗaure tukwane Malam Audu ya zo wucewa, ya tsaya nesa da mota, yana kallon gefe. Ya ce, "Hamisu, Inna ta ji muryarka daga cikin gida. In za ka gaishe ta, ka shiga ta ƙofar baya, ni zan tafi gona." Delu ya shiga. Na jira shi har inuwa ta juya, ban yi masa ham ba. Da ya fito idonsa ja wur, ba wanda ya tambaye shi komai.

Komowa

Mun kwana Rogo, Lahadi da hantsi muka kamo hanya. Kwarin ya ɗan tsane, muka wuce lafiya. Kofur ɗin nan ya tambayi kaza, Kande ta ce masa siyasa ta cinye. Kafin azahar muna Karaye.

Kun dai san abin da ya biyo baya: soja suka soke zaɓen gaba ɗaya, na wanda ya ci da na wanda ya faɗi. Ranar da rediyo ya faɗa, na je cin tuwo na ce, "To Delu, ga wahalarku ta tashi a banza."

Ya zuba mini miya ya ce, "Su soke nasu, Baba Tanko. Ni dai an ƙirga ni a ƙofar gidan ubana, kuma na ga Inna. Wannan ba sojan da ya isa ya soke shi."

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya komo da mu, da Fulanin da suka tura mota, da Magajiyar Rogo da ta ba da masauki. Masu surutu a tasha kuma, ga gaskiyar nan na ba ku. Wanda ba ta yi masa daɗi ba, ya sha ruwa.