Shekarar da Karas Ya Rina Ni

Wautar da na tafka a Samaru ko jaki ba zai yi ta ba. Lokacin ina lebura a lambun Turawan aikin gona, kafin mulkin kai, ni ke ba karas ruwa. Mu ba mu ɗauke shi abinci ba a lokacin. Na dubi karas, na dubi wuyan Baturen da ke cinsa, na ga launin ɗaya ne. Da ɗan karatuna da bai kai ko'ina ba, na yanke hukunci cewa abin nan ne ke sa su ja. Duk wanda ya lanƙwashe aka jefar, ni ke kwashewa. Safe karas, rana karas, sai ka ce zomo.

Bayan 'yan watanni, matata na zuba min ruwan wanke hannu, sai ta saki butar. Tafin hannuna ya koma ruwan ɗorawa. Na ɗaga ƙafa, ita ma haka, har gefen hanci. Sauran jikina kuwa baƙi ƙirin, yadda aka haife ni.

"Malam, shawara ce," ta ce.

Shawara ce kuwa ta kashe wanta. Asibiti ba a ma zancensa, kowa a garinmu ya yarda allura na kashe mai shawara. Ta hana ni nama, ta hana ni mai, kullum sassaƙe mai ɗaci. Abin da aka bar min sai kabewa da gwanda. Yunwa ta sa na ninka cin karas a lambu, ban ko kawo shi a raina ba. Ina ƙara rinewa, ita tana ramewa. Da hantsi sai in ji ta a bayan ɗaki tana kuka ƙasa-ƙasa.

Ranar da ta ja ni Sabon Gari wurin wani mai magani, na zauna hutawa a rumfar wata Bayarabiya mai sayar da manja. Ta dubi hannuna, ta ja fatar idona ƙasa ba ko neman izini.

"Ido fari tas. Wannan ba shawara ba ce, shawara a ido take farawa. Yaranmu in sun cika shan manja haka hannunsu ke yi. Maigida, me kake ci?"

"Iya, ko ɗigon mai ba ya ci," in ji matata.

Sai na ji bakina ya ce karas, ya kuma faɗi dalili. Matan rumfar suka yi ta dariya har da dafa ciki. Launin dai ya gushe da kansa bayan na daina.

Matata ba ta yi dariya ba. Muna hanyar komawa, mun wuce Dogarawa, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ni dai a baƙinka na gan ka na aure ka. Wace ce kake yi wa hasken?"