Zenzi Ta Jira Shanu

Duk wanda ya taɓa bi ta bakin kasuwar Innsbruck, ta gefen kogi, ya ji ƙamshin suya, to ya san Zenzi ko da bai san sunanta ba. Kreszenz aka raɗa mata, amma ban da limamin cocinsu ban taɓa jin mai kiranta haka ba. Ita ke suyar kiachl, fankenmu mai faɗi mai rami a tsakiya, ni kuma rumfata ta cuku tana manne da tata. Tun muna da baƙin gashi muke maƙwabtaka har muka yi furfura tare. Har yau in na juya hagu zan gaya mata wani abu, sai in ga mai sayar da zumar da ta gaji wurin, in haɗiye maganata.

Baƙi masu yawon buɗe ido suna tsayawa don fanke, sai su tashi da shirin yini guda. Zenzi ba ta fara duban fuskar baƙo, takalminsa take duba. In ta ga silifas sai ta ɗaga matsami ta nuna ƙafar.

"Da wannan za ka hau dutse, ɗana? Zauna ka ci fanke. Gobe ka dawo sanye da takalmin mutane, irin na hawan dutse."

Takan ce a hau motar igiya, mai lilo da mutane zuwa sama, da sassafe kafin gajimare ya rufe kan dutse, a riƙe rigar sanyi ko da ana gumi a gari. Rufin Zinariya, tsohon ginin nan na tsakiyar gari, a kalle shi a ɗauki hoto, amma kada a ci abinci a gindinsa, a bi lungun baya inda direbobin bas ke shan romo da curin cuku. Duk wanda aka gamu da shi a hanyar dutse a gaishe shi, kuma kada a kuskura a shiga tsakanin saniya da ɗanta. In baƙo ya nemi fanke da zaƙi, sai ta ce wannan na yara ne, ya fara da mai kabeji mai tsami tukuna. Kuma duk inda hirar ta zaga, ƙarshenta ɗaya ne: ka dawo da kaka, ranar da shanun ƙanena za su sauko.

Ƙanen nata Romed manomi ne a Thaur, can bayan gari. Shanunsa suna yin bazara a makiyayar kan dutse, su sauko da kaka da ƙararrawa a wuya da kambin fure a ka. Zenzi ce ke naɗa furannin da takarda mai launi, duk tsawon hunturu, tsakanin suya da suya, shi ya sa ba ka rasa ɗigon mai a jikinsu. Kowa kuma ya san ƙa'ida: in saniya ta mutu a kan dutse, ko aka yi rasuwa a gidan mai shanu suna can sama, to haka za su sauko tsirara, babu fure ko ɗaya.

Bara, bayan shanu sun hau, na lura ta fara suya a zaune. Wata safiya tana juya fanke ta gaya min abin da likita ya ce: da wuya ta ga ƙarshen bazara. Ni na fashe da kuka, ita kuwa ta tsame fanken don kada ya ƙone.

"Mena, kin san abin da ya fi ba ni haushi? Furannin bana sun fi na kowace shekara kyau. Ga mutanen da na gayyato, wasu daga bangon duniya. Su zo su ga shanu tsirara saboda ni?"

Da aka kwantar da ita a asibiti ta sa aka kira Romed. Ta roƙe shi ya yi wa shanu ado ko da ta riga su. Ya tsaya yana murza hularsa, ya ce, "Yaya, kin san ba a yi." Ta ce to ya sauko da su da wuri. Ya ce akwai sauran ciyawa a sama, kuma ranar ba tasa ba ce shi kaɗai, da maƙwabta aka tsayar. Ta yi masa tas, ta ce tun tana share masa majina yake da taurin kai irin na bijimi. Da ta gama ta gyara matashi ta ce, "Shi ke nan. Zan jira."

Kuma ta jira, irin jiran da ban taɓa gani ba. Ta sa aka juya gadonta ya fuskanci taga don ta riƙa ganin dutse. Abinci ba ya mata daɗi, amma takan toshe hanci ta shanye romo, ta ce don shanu take sha. Ni na karɓi kaskonta, kullum da yamma in kai mata labarin kasuwa: wa ya zo, daga wace ƙasa, me ya sa a ƙafa, na gayyace shi ko na manta. Masu zuwa dubiyar wasu marasa lafiya ma ba su tsira ba, sai ta tsara musu inda za su je kafin jirginsu ya tashi. Har likitan ta taɓa leƙa takalminsa ta ce Allah ya sa ba shi da niyyar hawa ko'ina. Jikinta yana ƙarewa muna gani, hannun nan da ke ɗaga buhun fulawa ya koma kamar tsinke, amma bakin yana nan daram.

Ana saura kaɗan shanu su sauko sai ga dusar ƙanƙara ta sauka a kan dutse tun lokacinta bai yi ba. Muka wayi gari kan dutse fari fat, Romed ya bugo waya ya ce karsana ɗaya ta ɓace. Na yi niyyar ɓoye mata, amma ta karanta a fuskata. Ai kuwa ta yunƙura ta zauna, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba.

"Ni ina nan ina riƙe da raina da haƙori, ita kuma 'yar banza za ta je ta faɗa rami ta ɓata min aiki? Ki ce masa kada ya sauko sai da ita."

Yinin nan ba ta ɗauke ido daga taga ba. Washegari aka sami karsanar a bayan wata bukkar ciyawa, ta fasa katako ta zura kai tana ta ci, ko ƙwarzane babu. Zenzi ta yi dariya har sai da ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Ta ce wannan karsana jininsu ce, duk inda abinci yake can za a same ta.

Ranar saukowa likita ya ba mu ita na yini guda. Muka naɗe ta da barguna a keken marasa lafiya, muka kai ta bakin hanya a Thaur, ni kuma na kafa kasko a gefenta. Rana ta fito, ƙanƙarar ta narke sai can ƙololuwa. Mutane kuwa sun zo. Wasu mata da miji 'yan Koriya, waɗanda ta taɓa kora saboda silifas, suka tsaya a gabanta suna ɗaga mata ƙafa ta ga sababbin takalmansu. Ta duba da kyau, ta gyaɗa kai.

Kafin a ga shanu ake jin su. Ƙararrawa ta fara daga nesa kamar ana kaɗa cokula, ta yi ta kusantowa har ƙirjina ya ɗauka. Zenzi ta damƙe hannuna. Sai ga saniyar gaba ta ɓullo daga kwana, kambin ja da fari yana rawa a kanta, wani ɗan madubi a tsakiyarsa yana walƙiya, sauran suna biye kowace da nata. Mutane suka ɗau tafi, yara suna gudu a gefe. Ɓatacciyar karsanar ma tana ciki, tana ƙoƙarin cin furen ta gabanta.

Romed ya ja saniyar gaba har gaban kekenta ya tsayar. Babban mutum da gemu, hawaye na bin fuskarsa. Zenzi ta miƙa hannu ta gyara wani fure da ya karkace, ta dube shi.

"Share fuskarka, auta, baƙi na kallo. Ka ja ta ku wuce, ka tare wa mutanena hanya."

Na miƙa mata fanken da na soya, da kabeji. Ta gutsura, ta tauna, ta ce man bai yi zafi ba, kuma ramin ya yi ƙanƙanta. Ta cinye shi tas.

A makon da ya biyo ta rasu, da hantsi, shanu suna garke a gida. Sai daga baya na gane har wannan ta lissafa: tunda ba suna kan dutse ta tafi ba, babu abin da zai hana su ado bana. Ta bar min kwalin takardu da wayar ɗaure fure da almakashinta. Duk hunturun nan ina naɗa furanni, ina kuka ina yi, yatsuna ba su iya ba. Romed ya zo kasuwa jiya ya ɗaga ɗaya ya jujjuya, ya ce ya fi kama da kabeji, amma shanu ba za su damu ba. Ya kwashe su duka a kwando.

Ranar saukowar shanu tana nan a ƙarshen Satumba, kaskon ma zai je. Mai zuwa ya zo da takalmin mutane.