Faifan Sanusi ya koma Guci

Mun tashi da asuba ranar Asabar daga Damagaram, mu uku: ni, da abokin aikina mai haɗa mana sauti a rediyo, da direba. A bayan mota akwai garmaho mai aiki da batir. A cinyata kuma akwai ƙaramin faifai guda naɗe cikin rawani, wanda shi ne dalilin tafiyar.

Masu bin shirina sun san ina tara ƙananan fayafayan da samarin Turai suka buga a da, irin kiɗan hayaniyar da suke kira pank: jita mai ƙara, ganga mai gaggawa, waƙa ɗaya a kowace fuska. Na fi son waɗanda aka raɗa wa sunan namiji, domin kullum sai na tambayi kaina wane ne mutumin, kuma me ya yi musu. A bara na sayi kwalin tsofaffin fayafayai a kasuwa, sai na tarar da ɗaya da rubutun Hausa: Samarin Gareji, Magarya. Sunan waƙar Sanusi.

Faifan ya tsage daga gefe, don haka sau ɗaya na yi kasadar sa shi. Jitar kamar injin niƙa, mawaƙin kuma ba abin da yake yi sai ƙwala kiran Sanusi. Babu kirari, babu ambaton iyaye, babu roƙo. Mu kuwa a wurinmu suna ba ya shiga waƙa sai don yabo ko zambo. Ina son in sa ta a shiri, amma ba zan watsa sunan bawan Allah ba alhali ban san ko zaginsa ake yi ba.

Hanyar Magarya ba laifi. Kaka ce, ko'ina an jingine dammunan hatsi, amalanken jakuna na tafe da buhunan gyaɗa. Jandarma ya tsayar da mu, ya leƙa garmahon, ya tambaya ko keken ɗinki ne. Da aka yi masa bayani ya ce kakansa ma yana da irinsa, mu wuce.

A Magarya muka karya da waina da miya ta dala arba'in kowa, direba ya ƙara da rake. Na tambayi masu kabu-kabu labarin Samarin Gareji, duk suka ce ba a haife su ba. Mai wainar ce ta ce mu nemi Baba Ilu, tsohon makanike, a bayan tasha.

Mun same shi zaune a kan tsohuwar taya yana ba masu gyara umarni da sanda. Da na warware rawanin ya ga faifan, sai ya yi salati, sannan ya yi dariya har da tari.

“Ni na buga gangar nan,” in ji shi. “A ina ka tono wannan fitina?”

Na ce, “Baba, abu ɗaya ya kawo ni. Yabo ne ko zambo?”

“Zambo? Ai da zambo ne da an yafe mana tuni. Sanusi ɗan mai waƙar ne, Lawali. Ɗansa na fari!”

Nan na gane. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Sai dai ya ce yaron nan, ko wancan. Baba Ilu ya ce satin da aka yi suna, murna ta ɗebi Lawali, ya zo gareji ya ɗauki jita ya yi ta ihun sunan jaririn. Su kuma ƙuruciya ta sa suka bi shi da kiɗa, har suka ƙetara Najeriya aka buga musu faifai. Da labari ya kai kunnen mahaifin Lawali, sai ya bi gari yana karɓe fayafayan yana farfasawa. Lawali ya ajiye jita ya koma noma a Guci, kuma har ya rasu bai sake furta sunan ba.

“Sanusin yana nan?”

“Yana Guci yana awon gyaɗa. Amma ka yi hankali da uwarsa, Inna Hajo. Ita ta sha gorin.”

Daga nan tafiyar ta sauya. Na fito neman izinin sa waƙa, sai ga ni ɗauke da muryar uban wani.

Muka yi gabas, muka wuce Dan Ciyaw muka kai Dungas, inda muka sha fura da nono mai kyau muka ƙara mai a kwalabe. Daga can rairayi ya karɓe mu. Sau biyu mota ta kafe, muka fito turi, ni da hannu ɗaya, don ban yarda in ajiye faifan ba. Direba ya ce tun da yake tuƙi bai taɓa ɗaukar fasinjan da ake lallaɓawa haka ba.

Bayan azahar muka isa Guci. Ba a sha wuyar samun Sanusi ba: dogo ne, furfura ta fara masa a gemu, yana zaune gaban tiyar awo da buhuna. Na gaya masa abin da ke tafe da mu. Ya daɗe yana kallon rubutun sunansa.

“Na taɓa jin ƙishin-ƙishin,” ya ce. “Na ɗauka tsokana ce. Ni dai Baba ‘kai’ yake ce mini. Na san al'ada ce, ban riƙe shi ba. Amma ƙannena yakan kira su da suna, har da waƙa-waƙa in yana raha. Malam, abin zai yi magana kuwa?”

Na ce masa gaskiya: faifan a tsage yake, ban yi alkawari ba.

Ya kai mu gida, muka zauna a zaure. Inna Hajo ba ta fito ba, daga bayan zana muka gaisa. Da ɗanta ya yi mata bayani sai ta ce, “Abin nan ne ya biyo ni har nan? Na yi shekara ba na iya zuwa rijiya saboda shi. Mata na ganina sai su kama rerawa.”

Sanusi ya ce, “Inna, sau ɗaya.”

Can ta ce, “Yaron nan akwai naci. Ku yi abinku, ni ban ji ba.”

Abokin aikina ya ɗora allura, ya kunna na'urarsa ta ɗaukar sauti. Ganga ta shigo, jita ta biyo, kaji suka watse daga tsakar gida. Daidai inda murya za ta fara, allura ta faɗa tsagar ta yi tsalle ta koma baya. Ta sake, ta sake. Na ga Sanusi ya damƙe gwiwarsa. Abokina ya laluba aljihu ya ciro ƙwandalar dala biyar, ya ɗora a kan hannun allurar don ta yi nauyi. Wannan karon ta ratsa.

Muryar saurayi ta cika zauren, tana fashewa don ƙarfi: Sanusi! Sanusi! Mai sunan ya cire hula ya sunkuyar da kai. Yanzu ya girmi wannan muryar nesa ba kusa ba. Da waƙar ta ƙare, daga bayan zana muka ji ana jan hanci, sannan Inna ta ce, “Ko a lokacin ma bai iya waƙa ba.”

Duk muka yi dariya, har Sanusi, yana goge ido da hular. Na tambaye shi ko shi yana kiran sunan nasa ɗan farin. Ya ce, “Allah ya kiyaye. Ni ba ni da jita.”

Sai na kawo maganar rediyo. Ya dubi zana. Inna ta ce, “A'a. Gari ya ji sau ɗaya, ya isa. Wanda aka yi dominsa ya ji.” Ban yi musu ba. Abokina ya zuba wa Sanusi waƙar a wayarsa, ni kuma na miƙa masa faifan da rawanin duka.

Mun kwana a Dungas, washegari da la'asar muka shiga Damagaram da buhun gyaɗar da aka tilasta mana karɓa. Abin da na ƙaru da shi kaɗan ne amma ya ishe ni. Samarin Turai sai sun zagi hukuma kafin a ce sun yi tawaye. Lawali sunan ɗansa kawai ya kira, ya kuma biya da jitarsa.

Shirin wannan makon da fayafayan Turawa na cika shi. Faifan Sanusi yana Guci, kuma Sanusin ya shaida mini ta waya cewa Inna Hajo ta karɓe shi ta sa a ƙasan adakarta.