Allin da Ya Zaɓa Mana Yaren Kwamfuta

Ranar Litinin ta farko bayan hutun babbar sallah, ina aji biyu na ƙaramar sakandare a Kudan, aka ɗora ni kan benci gaban allo, aka ba ni alli guda biyu sababbi fil. Ni ce mai kwafe wa malamai darasi a allo saboda kyan rubutuna, baiwar da ta zame mini jidali. Kullum sai na kai abinci gonar rake kafin in zo, ranar Juma'a in shafe allon da baƙin tsohon batir, ga shi lokacin tara ƙawayena na carafke a gindin mangwaro ni ina fama da ƙurar alli.

A zangon nan aka ce za a fara koya mana yaren da ake ba kwamfuta umarni da shi. Kwamfutar ɗaya ce tal, tana ofishin shugaban makaranta lulluɓe da zane kamar tuwon baƙo, wuta kuwa sai dai labari. Don haka a allo za a yi komai, wato da hannuna. Malam Haladu na lissafi ya ce Besik za a koyar, mai sauƙi. Malam Tanimu, matashin da ya zo daga Zariya, ya kafe sai Jaba, wai shi duniya ke yayi. Sati uku ba sa cin gyaɗa tare.

Ni dai na leƙa littafin Malam Tanimu, na ga abin da ke jirana. Idan ya yi nasara, ni da tara har abada. Shugaban makaranta, wanda ke kulle alli a durowa ya rataya makullin a wuya, ya ce kowa ya kawo yadda zai sa na'ura ta ce sannu, in rubuta a gani.

Abin da ya ɗora ni kan benci ranar Litinin ɗin nan ke nan. Na Malam Haladu layi ɗaya ne, na rubuta shi sirit kamar sawun tururuwa. Da na zo kan na Malam Tanimu sai na buɗe hannu. Kowane harafi ya kai ƙoƙon shan fura, ina danna allin yana zuba kamar gari. Na cika allo, na sauka na ja benci, na karya alli na biyu da gangan, har yanzu na'ura ba ta gaishe da kowa ba. Shugaba ya dubi farin da ke ƙasa, ya shafa makullinsa ya ce, "Malam, gaisuwa ɗaya alli biyu? In za ta tambayi iyali fa?" Nan take Besik ya ci. Na samu tarata, na yi ta cinye 'yan ajinmu a carafke har ƙarshen shekara.

Malam Tanimu bai tona ni ba. A bakin ƙofa ya ce da ni a hankali, "Hajara, yau rubutunki ya yi ƙiba." Ya bar mini littafin nan lokacin da aka mayar da shi Ikara.

Yau da Jaba ɗin nake cin abinci, kuma daga littafinsa na fara koya, ni kaɗai, da kuka wani lokacin. 'Ya'yana suna koyon nasu a waya, ba alli ba benci, ba wanda hannunsa ke ciwo. Na sha neman Malam in gaya masa, ban dace ba. Har yanzu ina jin kunyar allin nan da na karya.